Gayyar Gwaggo Ladi a Shekarar Korona

Jiya da hantsi na biyo hanyar Dabai a kan mashin, na ga dawa ta kai tsawon taƙi, ciyawa kuma ta fara leƙowa a tsakanin kunyoyi. An yi ruwa kwana biyu a jere, ƙasa ta yi laushi, duwatsun bayan gari sun yi kore shar. Duk wanda ya tashi a Zuru ya san lokacin noman farko ya yi, wanda kuma ya yi sakaci na mako biyu to ciyawa zai girba. Mutane murna suke yi da irin wannan lokaci. Ni kam tun shekarar korona, da na ga dawa ta kai haka sai gabana ya faɗi, don gayyar Gwaggo Ladi nake tunawa.

Sunana Bala. Aikina shara da wanki a wani ɗan asibiti da ke gefen gari. Ni ne mai goge ƙasa, mai wanke zannuwan gado, mai kwashe abin da marar lafiya ya amayar, mai ƙona shara a bayan katanga. A asibitin nan kuma akwai nas guda, Ishaku, ɗan Gwaggo Ladi ƙanwar mahaifina. Taubashina ne ke nan. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawana nake kiran sa, shi kuma tun da na kama aiki ya raɗa mini Sarkin Tsintsiya. Aji ɗaya muka yi a firamare, kuma ba yabon kai ba, ni nake koya masa lissafi. Da muka gama sakandare mahaifina ya kwanta ciwo, na tsaya gona, shi ya wuce makarantar koyon jinya. Ya dawo da farar riga, ni aka ba ni bokiti. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin nan ya daɗe yana ci na.

Gwaggo Ladi soja ta aura, ta bi shi coci, ta bi shi bariki bariki, har ya rasu ta dawo gida da ɗanta guda. Ba ta taɓa bambanta ni da Ishaku ba. Da azumi ita ke aiko mana da ƙosai, da Kirsimeti mu muke zuwa cin shinkafarta. Abin dogaronta a duniya gona ce ta dawa a hanyar Dabai, sai 'yar daddawa da take sayarwa a ƙofar gida. Abin da gonar nan ta ba ta shi take ci shekara, ba ta yarda ta miƙa wa ɗanta hannu, don ta ce matar soja ba ta roƙo. Ita ke shuka da kanta a hankali, amma noman farko ya fi ƙarfinta. Shi ya sa duk shekara take kiran gayya: maza su taru da fartanyoyinsu su nome gonar a yini guda, ita kuma ta ciyar da su tuwo da kunu har su ƙoshi.

Ni ne ɗan aikenta na gayya. Aikin yana da sirri, wanda bai sani ba zai ɗauka yawon gaisuwa ne kawai. A wurinmu ba a ƙin gayya a baki. Duk wanda ka gaya wa zai ce Allah ya kai mu. Ɗan aike ne zai karanta fuskoki: wanda ya tambaye ka wace rana da wane lokaci, wannan zai zo, wanda ya ce Allah ya kai mu yana kallon ƙasa, kada a sa da shi. Sai ka dawo ka faɗa wa mai gayya yawan mutanen da za a dafa wa abinci, don lokacin noman farko rumbu ya kusa ƙarewa, ba a wasa da hatsi. Shekara da shekaru ina yi wa Gwaggo wannan aiki ban taɓa kuskure ba.

Bazarar shekarar korona ta zo da zafi irin wanda yake sa kwanon rufi ya riƙa ƙara shi kaɗai. Azumi kuma ya faɗo a tsakiyarta. An rufe makarantu, motocin da ke zuwa daga nesa suka ɗauke ƙafa, kayan masarufi suka hau. A ƙofar asibiti aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu, aka ce kowa ya wanke hannu ya sa takunkumi. Yanzu in ka sa takunkumi a kasuwa sai a tambaye ka ko haƙori ke maka ciwo, amma a lokacin har mai sayar da rake ya ɗaura nasa, ko da a haɓa ne.

Aikina ya ninka. Inda nake goge ɗaki sau biyu ya koma sau biyar. Ruwan maganin da muke wanki da shi ya cinye mini fatar hannu, yatsuna suka tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ina azumi, takunkumi ya jiƙe da gumi ya manne mini a baki, maƙogwaro ya bushe, warin maganin yana hawa kaina. Duk wanda ya shigo yana tari, nas zai duba shi daga ɗan nesa ya rubuta takarda, amma zanen da ya kwanta a kai da kwanon da ya tofa a ciki, hannuna za su biyo. Da la'asar in na fita ƙona shara, zafin wuta da zafin rana su haɗu, har in riƙa ganin duhu duhu. In koma gida matata ta sa in tuɓe a zaure in yi wanka kafin yara su taɓa ni. A sha ruwa da kunu da kwaɗon zogale, in an samu mangwaro a gode wa Allah.

Wata rana aka kawo wa asibitin fararen rigunan kariya, irin masu rufe mutum daga kai har ƙafa, 'yan kaɗan, na masu duba marasa lafiya. Ishaku ya saka tasa, ya ɗora tabarau, ya fito baranda ya miƙo mini wayarsa.

"Sarkin Tsintsiya, aje sandar mulkinka ka ɗauke ni hoto."

"Bawa ya samu riga," na ce, "yau gari ba zaman lahiya."

Na goge hannu a wando na ɗauke shi. Har na sa ya matsa inda haske ya fi kyau. Ya ɗora hoton a shafinsa na soshiyal midiya, ya rubuta a ƙasa cewa a zauna a gida, a wanke hannu, su suna bakin aiki.

Kafin a sha ruwa hoton ya zaga gari. Wannan ya ce jarumin Zuru, wancan ya ce Allah ya tsare mana ku, wata ta tambaya ko yana da aure. 'Yan garinmu da ke aikin soja a wurare masu nisa suka riƙa rubuta masa cewa shi ma soja ne, fagen daga ne kawai ya bambanta. Wanda ba ɗan Zuru ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A nan kusan kowane gida akwai hoton wani cikin kaki a rataye, in soja ya kira ka soja to an gama yabon ka. A gefen hoton kuma, can ƙasa, ana ganin bokitina da abin goge ƙasa a jingine. Wani ya rubuta cewa hoto ya yi kyau, sai dai da an kawar da bokitin nan da ya ɓata wuri.

Matata ma sai da ta nuna mini. "Ka ga Ishaku kuwa? Kamar likitan Turai."

"Ni na ɗauke shi."

"Ai kuwa ya yi kyau," ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kullum da hutun azahar sai in zauna ƙarƙashin dalbejiya in buɗe hoton nan in ga ko yabon ya ƙaru, kuma kullum ya ƙaru. Ina karantawa raina na ɓaci, amma na kasa dainawa. Shi ba ya azumi, yana shan ruwan sanyi a ofis, ni da nake wanke majinar mutane da busasshen baki ko sannu babu. Gaskiya Ishaku yana aiki, na sha ganin sa a tsaye a kan marar lafiya tun safe har yamma bai zauna ba. Na san haka sarai, kuma sanin bai rage mini komai ba. Hassada nake yi, ba wani suna da zan ba ta.

Bayan Sallah ruwa ya sauka sosai. Ranar farko iska ta taso daga gabas ta kwashe ledoji da busassun ganye, sannan aka saki ruwa, ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna tsalle. Aka yi shuka. Gwaggo ta ɗauki kwana shida tana binne irinta, tana tafe tana hutawa, dawa kuwa ta tsiro gwanin kyau. Tare da ruwan sauro ya zo. Ishaku ya kwanta da zazzaɓi da ɗan tari, aka gwada jininsa aka ga na cizon sauro ne, aka ba shi magani da hutun kwana uku. Ina tsaye a wurin da tsintsiya a hannu lokacin da aka faɗi sakamakon.

A lokacin kuma iskar soshiyal midiya ta fara juyawa. Mutane sun gaji da zaman takura. Wasu suka ce babu wata korona, ma'aikatan asibiti ne suka ƙirƙiro ta don su ci. Wasu suka ce akwai ta, kuma ma'aikatan ne ke kwaso ta suna kai wa unguwanni. Abin dariyar shi ne sau da yawa mutum ɗaya ne ke faɗin duka biyun. Duk da haka hoton Ishaku yana nan yana shan addu'a. Ranar da ya cika kwana biyu a kwance, ina zaune ƙarƙashin dalbejiyar nan, na ga wani ya sake kiran sa jarumi. Sai na rubuta a ƙasa:

"Jarumin naku yana can kwance gidan tsohuwarsa, zazzaɓi da tari sun kayar da shi. Mai ƙarfin hali ya je ya gaishe shi."

Na ce wa kaina wasan taubasai ne, na sha faɗa masa abin da ya fi wannan a gaban mutane a yi dariya. Amma wasan taubasai a gaban waɗanda suka san ku ake yin sa, kuma fuska da fuska, don ya rama. Shi yana kwance ba ya ko iya riƙe waya. Ba a jima ba Talatu, maƙwabciyar Gwaggo, ta rubuto a ƙasan maganata: "Bala, kai da kake aiki tare da shi, don Allah cutar nan ce?"

Na ga tambayar. Wayar tana hannuna, da caji, da komai. Kalma uku ta isa: cizon sauro ne. Na daɗe ina kallon ta, sai na ji wani daɗi yana ratsa ni, irin daɗin sosa ƙaiƙayi. Na kashe wayar na jefa aljihu na koma bakin wanki.

Magana zarar bunu ce. Washegari an ɗauki hoton abin da na rubuta ana yawo da shi a guruf guruf na unguwanni a waya, an ƙara masa gishiri: ɗan'uwansa na jini, ma'aikacin asibitin, ya tabbatar, kuma da aka tambaye shi ya yi shiru don an hana su magana. Waɗanda suka kira shi jarumi su ne suka fara cewa a killace gidan. Wani ya ce dama rigar nan ta neman suna ce. Abin kunya, har a wannan lokacin akwai wani lungu a zuciyata da ke jin daɗi, don ban taɓa rubuta abin da mutane suka kula da shi haka ba. Ishaku ya warke ya koma aiki, amma wa ya ga wannan? Daddawar Gwaggo ta daina fita. In ta je rijiyar burtsatse mata su dare su ba ta wuri, ita kuwa da ba ta da babbar waya ta ɗauka girmamawa ce.

Ana cikin haka ciyawa ta taso, Gwaggo ta aika aka kira ni.

"Bala, gona ta yi kira. Ka tahi ka gaya ma mutane, Asabar mai zuwa."

Na zaga gida gida kamar yadda na saba, tun daga unguwarsu har ƙauyukan da ke kusa da gonar. Ko'ina aka karɓe ni daga nesa, ba wanda ya miƙo hannu. Kowa ya ce Allah ya kai mu. Babu wanda ya tambaye ni lokaci, sai mutum ɗaya, Baba Kofur, wani tsohon soja abokin marigayi mijinta, wanda kunnensa ya yi nauyi, wayarsa kuma 'yar ƙarama ce ta kira kawai. Sauran duk ƙasa suke kallo, wasu takalmina, wasu akuyar da ke wucewa. Ban buƙaci wani ya fassara mini ba.

Na dawo na same ta a tsakar gida tana tsince wake.

"To, ɗan aike, mutum nawa za a dahwa ma?"

Da na ce mata ba mai zuwa, za ta tambayi dalili. Da na faɗi dalili, za ta tambayi wanda ya fara maganar. Na dubi fuskarta, na ji ba zan iya ba.

"Kamar bara, Gwaggo. Kowa ya karɓa."

"Madalla. Na san mutanena ba su ba ni kunya."

Bara mutum ashirin da wani abu suka zo. Ranar Alhamis ta sa tsani ta shiga rumbu da kanta, ta share abin da ya rage a gindinsa, dawar da ya kamata ta kai ta har sabon hatsi. Ta kai inji aka niƙa. Ta jiƙa ta kunu, ta yanka zakaranta guda, ta daka kuka da daddawa. Ina ganin hayaƙi na tashi daga gidanta ranar Juma'a da yamma, na bi ta wata hanya.

Asabar ta waye da sanyi, an yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi daidai yadda fartanya ke so. Na isa gona rana ba ta gama fitowa ba, na tarar da Ishaku ya riga ni, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Can sai ga Baba Kofur da tsohuwar hular soja da fartanya a kafaɗa. Muka kama kunya uku muka fara. Ni na san ba mai zuwa, amma duk da haka in na ji ƙarar mashin a titi sai na ɗaga kai. Mashin ya zo ya wuce. Hantsi ya yi, rana ta buɗe, tururi ya riƙa tashi daga ƙasa, gumi na shiga ido. Ciyawar harƙiya ta yi kauri ta kama gindin dawa, sai ka sa hannu ka cire ta a hankali don kada ka tumɓuke shukar. Gonar da mutum ashirin ke gamawa kafin la'asar, mu uku ko gefe guda ba mu ci ba.

Wajen azahar Gwaggo ta iso da amalanke, an jero manyan tukwane biyu na tuwo, da ta miya, da jarkokin kunu. Ta tsaya a gindin ɗorawar da ake cin abinci, ta sa hannu a goshi ta dubi gonar daga wannan kai zuwa wancan.

"Ina mutane?"

Baba Kofur ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Ni ma shi nika tambaya, Ladi. Ko an canza ranar ba a gaya man ba?"

Ishaku ya ce, "Mama, tsoro suka ji. An ce ciwon da na yi kwanaki korona ne. A waya anka watsa."

"Wa ya ce?"

Fartanyata tana cikin ƙasa, ban ɗago ba.

"Mutanen waya ne, Mama. Ba a sanin mai farawa."

Gwaggo ta kwance zanen da ta rufe tukwane da shi ta shimfiɗa, ta ce mu zo mu ci. Tuwon ya yi laushi, miyar ta ji nama, ban taɓa cin abinci mai wuyar haɗiya irinsa ba. Mu huɗu muka zauna gaban abincin mutum ashirin. Baba Kofur ya ci ya sha kunu har ya yi gyatsa, ya ce a zamaninsu ko harsashi ba ya hana zuwa gayya. Da yamma ta tura amalanken ta koma da shi unguwa, ta aika wa maƙwabta, gida bayan gida ana dawo mata da kwano a rufe yadda ya tafi. Kwana biyu tuwon ya yi tsami, aka zuba wa dabbobi.

Bayan cin abinci da muka koma aiki, kunyata tana kusa da ta Ishaku. Mun yi nisa da tsofaffin, sai ya yi magana bai dube ni ba.

"Tambayar da Talatu ta yi maka, ka gan ta?"

"Na gani."

Ya cire wata ciyawa ya kakkaɓe ƙasar jikinta ya jefar. Na jira zagi, na jira ya ɗaga fartanya, wallahi da ya yi da na ji sauƙi.

"Kar Mama ta ji," ya ce. "Ba don kai ba. Kai kaɗai ka rage mata a dangin ubanta."

Daga ranar bai ƙara kira na Sarkin Tsintsiya ba. Bala yake cewa, kamar kowa.

Da na koma gida na rubuta gaskiya a ƙarƙashin hoton, na ce zazzaɓin cizon sauro ne, a gabana aka gwada, wasa nake yi da taubashina. Mutum uku suka nuna sun gani, ɗaya a ciki matata ce. Ba wanda ya ɗauki hoton wannan ya zaga da shi. Wani ma ya rubuta cewa an matsa mini ne na janye.

Muka ci gaba da noman mu biyu, in an tashi aiki da yamma da kuma ranakun hutu. Amma ciyawa ba ta jiran ma'aikaci. Ruwa ya zauna, kullum sai an yi, kafin mu kai tsakiyar gona farkonta ya sake rufewa. Ɓangaren da ke wajen rafi ba mu taɓa shi ba sai da dawar ta yi ja ta tsumbure, ciyawa ta fi ta tsawo. A watan da ake marka, Gwaggo da ba ta taɓa rasa tuwo ba ta koma cin tafasa da rama, tana cewa wai jikinta ne ke son ganye. Ishaku yakan sayo hatsi ya ajiye mata, ta karɓa tana faɗa, don a wurinta wannan roƙo ne. Ni ma na kai mata garin masara sau biyu, ta yi ta sa mini albarka har na rasa inda zan sa fuskata. Kafin kaka mutane sun manta da korona, sun koma sayen daddawarta kamar ba a yi komai ba. Talatu ma har biki ta gayyace ta.

Aka yi girbi. Gonar da ke cika rumbu har a rasa wurin zuba saura, abin da ta bayar ko rabi bai kai ba, zangarniyar ma ƙanana. Muka ɗaure dammunan muka kai gida a tsakar rana, mata maƙwabta suka shigo yi mata barka, har da Talatu. Ina shirin tafiya Gwaggo ta ce in tsaya. Ta zaga cikin 'yan dammunan nan ta zaɓi wanda ya fi kowanne girma, ta jawo shi da kanta har gabana.

"Wanga naka ne."

"Gwaggo, ki bar shi, ba shi da yawa bana."

"Rufa man baki." Ta juya wajen matan, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ku dube shi da kyau. Ranar da duk garin ga sunka guje ni, yaron ga bai guje ni ba. Shi ba a ɗaukar shi hoto, ba a yabon shi cikin waya, amma shi ad da aiki. In ana neman soja a gidan ga, ga shi nan." Sannan ta dubi ɗanta. "Kai ma da kana da rabin zuciyar Bala, da na huta."

Matan suka yi ta cewa gaskiya ne, Allah ya yi albarka. Yabon da na yi watanni ina jin yunwarsa ke nan, an ba ni shi a gaban mutane, a kan Ishaku, daga bakin uwarsa. Na dubi Ishaku ina roƙon Allah ya sa ya yi magana, ya tona ni a gama. Ya yi murmushi kawai ya ce, "Haka ne, Mama." A nan na gane ko a haƙuri ma ya fi ni, kuma Allah ya sani, har wannan sai da na yi masa hassada.

Shi ya ɗauki damin ya kai bayan mashin ɗina. Ya ɗaura igiya ya ja da ƙarfi, ya ƙulle, ya girgiza ya ga ya zauna daram. Sannan ya matso kusa yadda ba mai ji sai ni.

"Bi a hankali, Bala, kar ya zube a hanya. Abincinta na wata guda ne ka ɗauka."